Onofre Mai Kunnen Gano Ciwon Mota

Duk wanda ya taɓa zama a kujerar askin Onofre Maestas a garin Española ya san cewa askin minti goma ne, surutun kuma sai ka roƙi arziki. Mutum ne da ba a taɓa ambatar wata sana'a a gabansa ya ce bai iya ba. Ka ce bututun ruwan gidanka ya fashe, zai ce ai da shi ka kira. Ka ce likita ya duba ka, zai tambayi sunan maganin ya girgiza kai. Amma inda ya fi cika baki shi ne kan mota, musamman kan kunnensa.

"Ni fa ba na buɗe bonet," haka yake faɗa, aska a maƙogwaron mutum, ba damar musu. "Mota ta gifta ƙofar shagon nan kawai, in gaya maka abin da ke damunta da shekarar da ya fara."

Abu ɗaya ne ya hana shi sakat a duniya, wato allon tagulla na ƙungiyar Sannu-Sannu. A kwarinmu ko ka sauke motarka har cikinta na neman shafar kwalta, ko ka yi mata fentin da mutum zai taje gashi a jikinsa, ba ka cika mutum ba sai an ga wannan allo tsaye a gilashinta na baya. Ba a sayensa. 'Yan ƙungiya ke bayarwa, ranar Lahadin bikin gari bayan an fito daga coci, a gaban kowa da kowa, kuma sai ka ci gwaji biyu. Na farko, a tsayar da kwalin sigari a ƙasa a tura shi. In ya shige ƙarƙashin motar a tsaye, ta yi tsawo, koma gida. Na biyu, shugaban ƙungiya ya zauna a gaba, a kashe rediyo, a sauke gilasai, ka tuƙa shi daga ƙofar coci zuwa gada ku dawo. In ya ji ƙwas ko ƙis, babu allo. Sau uku kacal ake gwada mutum a rayuwarsa.

Onofre ya riga ya ɓarar da biyu. A na farko motar ta ɗiga wa shugaba baƙin mai a takalmi. A na biyu kwalin sigari ya shige ƙarƙashinta har da sauran wurin da kyanwa za ta bi. Shugaban kuwa ba wani ba ne illa Don Cleofas Roybal, yayan matarsa Rufina, dattijo marar fara'a wanda tun ranar bikin auren ƙanwar tasa yake kallon Onofre a matsayin kuskuren da aka yi a gidansu.

Saura mako biyu biki, Rufina ta ajiye masa kofi ta ce, "Wannan karon ka kai wa Doña Genoveva ta sauke maka ita. Katanga ce kawai tsakaninmu."

Doña Genoveva Vigil shekararta talatin da garejinta, kuma rabin motocin ƙungiyar a hannunta suka koyi jan ciki.

"In kai mata?" in ji Onofre. "Don gobe a ce mace ta ci mini allo? Ita sai ta cire sifirin, ta sa wasu gajeru, ta auna, ta sake aunawa, kwana uku. Ni minti ashirin. Je ki ce wa compadre Telesforo ya aro mini wutarsa."

Telesforo Gallegos maƙwabcinsu ne na ɗaya gefen, ubangidan baftismar 'yarsu, shi ya sa suke kiran juna compadre, ƙaton mutum wanda in ya shiga mota sai ta gaishe shi. Lokacin kaka ne, sana'arsa gasa wa mutane ɗanyen barkono buhu-buhu, don haka yana da tukunyar gas da bututu mai aman wuta. Ya jawo ta da kansa don kada a ba shi labari.

Dabarar Onofre mai sauƙi ce. Motar na tsaye a kan tayoyinta, ka zura wuta ka gasa sifirin gaba har ya yi ja, nauyin injin zai danne shi, motar ta sauka da kanta. Ya durƙusa ya kunna wa na hagu. Sifirin ya yi jawur, motar ta yi wani nishi ta karkata hagu.

"Ka gani?" in ji Onofre. "Biyayya."

"Ta zama gurguwa, compadre," in ji Telesforo.

"Haƙuri dai. Saura na dama."

Ya gasa na dama, ta sauka har ta zarce na hagu. Ya koma hagu don ya daidaita, hagu ta zarce dama. Haka ya yi ta zarya kamar mai yanke ƙafafun teburi, har gaban motar ya zo yana sunsunar ƙasa. Ƙaurin roba da tsohon giris ya cika unguwa. Sai ga kan Doña Genoveva ta saman katanga, tabarau a goshi.

"Onofre, me nake ji yana ƙauri haka?"

"Aiki ake, Doña."

"Sifirin kake gasawa? Ɗan nan, ƙarfen da ya sha wuta irin wannan ya mutu. Tsaye kawai yake, bai sani ba."

"Doña, da girmanki, wannan dabarar tun kakanninmu ake yin ta."

"Na san su. Da yawansu a ƙasa suka dawo gida."

Onofre ya yi kunnen uwar shegu. Ya zaro kwalin sigari ya tsayar ya tura. Kwalin ya bugi ƙarfen ƙasan motar ya faɗi. Ya miƙe ya ɗaga hannu biyu sama, ya zagaya motar sau biyu, ya ce wa Telesforo ya shaida, ya ce wa Rufina ta fara tunanin rigar da za ta sa ranar Lahadi. Da ƙarfen ya huce ya shiga ya tayar, ya fita da baya a hankali, yana murmushi. Tayar gaba na sauka kwatar bakin titi, sai aka ji: ƙwas!

Ya karya kwana hagu. Ƙwas-ƙwas! Ya taka wata 'yar tsakuwa da ko tururuwa ba za ta kauce mata ba. Ƙwas! Ya zagayo layin ya dawo ya tarar da mutum shida suna jiransa, har da wata tsohuwa da ta fito da kujerarta.

"Me ke damunta, likita?" in ji Telesforo.

Onofre ya lumshe ido, ya ɗaga yatsa ɗaya. "Shokazoba. Na hagu. Tun bara nake jin tana ƙorafi, na ƙyale ta don in ga gudun ruwanta."

Ya rufe shago kwana biyu, mutanen gari na yawo da suma. Ya ɗaga motar a jak, ya sa sababbin shokazoba, kuma tun da ya riga ya shiga ciki, sai ya kwance duk wani noti da ya gani a gaban motar ya sake ɗaure shi tamau, tayoyin na reto a sama. Doña Genoveva na shanya tsummokaran gareji ta leƙo.

"Ka sauke ta ƙasa tukuna kafin ka ɗaure waɗannan. In ka ɗaure tana rataye, robobin za su murɗe da ta zauna."

"Doña, ni fa ban taɓa zuwa na koya miki shanya ba."

Aka sauke mota, aka fita gwaji. Ƙwas ɗin na nan daram, sai dai yanzu ta yi ƙawa: ƙiii, kamar ƙofar ɗakin ajiya. Ƙwas, ƙiii. Ƙwas, ƙiii.

"Yanzu sun zama biyu," in ji Rufina.

"Ke ba ki san mota ba. Sabon kaya ne ke gaisawa da tsofaffi. Kwana biyu za su saba."

Ba su saba ba. Ranar Talata ta makon biki Onofre ya ce matsalar ita ce daga kujerar direba yake saurare, kunne irin nasa kuwa sai an kai shi bakin ciwo. Ya umarci Telesforo ya hau bonet ya yi ta sukuwa, shi kuma zai kwanta ya saurara. Ya kwanta, sai ya tarar ya sauke motar har ba inda kansa zai shiga. Don haka ya cusa gefen fuskarsa tsakanin taya da fenda, kunnen hagu a ciki.

"A hankali za ka fara," ya ce. "In na ce ƙara, ka ƙara."

"Ka tabbata, compadre? Jiya na ci abinci sosai."

"Hau, na ce."

Telesforo ya hau. Sau ɗaya tak ya ɗaga jikinsa ya sake. Bonet ya ce ɓurum ya lotsa kamar kwanon miya, fenda ya sauko ya matse kunnen Onofre a jikin taya. Onofre ya kurma ihu, "Kai! Kai!" Telesforo, da yake mutum ne mai cika alkawari, ya ɗauka umarnin ƙarawa ne ya zo, ya ƙara biyu masu kyau kafin Rufina ta fito da ludayi ta kore shi daga kan motar.

Aka zaro Onofre, kunnen ya kumbura ya yi jawur kamar tumatir. Tsohuwa mai kujera ta ce ita dai tun da aka daina kawo wasan dawaki garin nan ba ta sha kallo irin wannan ba. Rufina na naɗa masa bandeji tana tsaki.

"To, ka ji ciwon?"

"Na ji," in ji Onofre, hawaye na bin kumatunsa. "Na kusa kama shi. Da compadre ya ƙara ɗaya da na kira sunansa."

Ya bugi bonet ɗin ta ciki da katako har ya ɗan taso, ya ce in rana ta haska ta gefe ba mai lura. Saura kunnen dama.

Ranar Alhamis ya fito da sabuwar hikima. Ya yanko tiyon ban ruwan furannin Rufina, ya ɗaure baki ɗaya da waya a bayan tayar gaba, ya zuro ɗaya bakin ta taga ya manna a kunnensa na dama da salatif. Rufina ce za ta tuƙa, shi yana gefe yana sauraro.

"Ka yanka mini tiyo," in ji Rufina.

"Kimiyya ce. Likitoci ma haka suke jin ƙirji. Bi hanyar bakin magudana, ta fi gargada."

Ta bi. Onofre ya rufe ido yana ba da rahoto. "Na'am. Ƙwas ɗin daga sama take zuwa. A'a, daga ƙasa. Ƙara wuta kaɗan. Rufina, ki daina numfashi da ƙarfi, kina shiga mini aiki."

"Akwai ruwa a gaba, magudana ta yi ambaliya."

"Shiga! Ruwa ba ya hana ni ji."

Ta shiga. Tayar ta kwashi ruwan laka ta ɗura a bakin tiyo, tiyo ya kai saƙo har inda aka aike shi. Onofre ya zabura kamar an tsikare shi da allura, kafin ya ɓalle salatif tayar ta kama tiyon ta naɗe, ta fizgo kansa ya gwaru da ƙarfen taga. Rufina ta taka birki. Ya zauna, laka na tsiyaya daga kunnensa zuwa kwalar rigarsa.

"Onofre? Kana lafiya?"

Bai amsa ba. Ya fita ya warware tiyon daga taya, ya ce ta matsa shi zai tuƙa. Suka kama hanyar gida, motar na ƙwas, ƙiii, har da wani sabon ƙararas da ragowar wayar ke yi. Rufina ta ga fuskar mijinta na washewa sannu a hankali.

"RUFINA!" ya faɗa da ƙarfin da ya sa ta dafe ƙirji. "KIN JI?"

"Ina ji mana, ai har ta fi ɗazu."

"TA YI SHIRU! RUWAN NAN YA WANKE CIWON! DAMA NA CE DATTI NE!"

Kunne ɗaya a bandeji, ɗaya cike da laka, Onofre ya samu motar da ba ta da ƙara ko kaɗan. Rufina ta yi magana, ta yi ihu, ta rubuta masa a takarda cewa kurma ya zama. Ya karanta ya yi dariya, ya ce ai yana jin muryarsa rangaɗau, kuma kurma ba ya jin kansa. Ranar Juma'a ya buɗe shago ya yi wa mutum tara aski, ya ba kowannensu labarin nasararsa da muryar da ake ji har gidan mai, duk abin da suka ce kuwa sai ya amsa da, "NA GODE, NA GODE."

Ranar Asabar Rufina ta rasa yadda za ta yi, ta je ta roƙi Doña Genoveva. Tausayin mijinta take ji ƙwarai, don ta san abin da allon nan yake a zuciyarsa, ko da yake wani lokacin ji take kamar ta shaƙe shi. Doña ta zo da tocila. Ta kama tayar sama da ƙasa ta girgiza, ta kama ta gefe da gefe ta girgiza, ta haska ciki, ta zura hannu ta taɓa sifirin. Ya yi rawa a hannunta kamar haƙorin da ya kusa fita. Duka-duka bai kai minti biyu ba. Ta miƙe ta matso daf da bandejin Onofre ta ɗaga murya.

"Sifirinka ya gajarce, ba ya zama a mazauninsa, shi ke ƙwas! Robobin da ka murɗe su ke ƙiii! Na hagun ma ya tsage! Ina da gajeru masu kyau a gareji, awa biyu na gama, ba na son ko sisinka, don Rufina zan yi!"

Wannan kam ya ji. Ya ji sarai. Da su biyu ne kawai, wataƙila da ya sunkuyar da kai ya miƙa makulli. Amma Telesforo na tsaye, tsohuwa na kan kujerarta, ga mutum huɗu daga cikin waɗanda ya yi wa aski jiya sun zo ganin motar da ruwa ya warkar.

"DOÑA," in ji Onofre, yana murmushin tausayi, "SHEKARU SUN JA. KUNNENKI NE KE ƘARA, BA MOTATA BA."

Doña Genoveva ta kashe tocilarta. "To. Gobe zan fito da janwe, in ajiye kusa da coci. Ba don komai ba, ina son wurin da zan ga hanya sosai."

Bayan an watse, Rufina ta tsare shi, ta kai baki daf da bandejinsa, ta rantse masa da kabarin mahaifiyarta cewa motar na ƙara. Wannan ya ɗan sa jikinsa sanyi. Ya ce don hankalinta ya kwanta kawai zai yi wani ɗan abu. Ya je gidan Telesforo ya kwaso tsofaffin ƙwallayen tanis na karensa guda takwas, ya cusa su tsakanin zoben sifirin, huɗu hagu huɗu dama. Karen ya biyo shi har gida ya kwanta a gindin taya yana kallonsa.

Lahadi ta yi. Aka fito daga coci, filin ya cika maƙil. Motocin ƙungiya sun jeru suna walƙiya, kowace da allonta a baya. Mata na sayar da tamale, wani irin alalen masara, a manyan tukwane, ƙanshin gasasshen barkono ko'ina. Onofre ya iso da farar riga, ya ja hula ya rufe bandeji, ya faka ta yadda rana ba za ta tona asirin bonet ba. Don Cleofas ya matso, allon tagullar a hammatarsa naɗe cikin jan ƙyalle.

"BARKA DA HANTSI, YAYA!"

"Ni yayan Rufina ne," in ji Don Cleofas. "Me ya sa kake ihu?"

"LAFIYA LAU, NA GODE!"

Don Cleofas ya tsuguna ya tsayar da kwalin sigari ya tura. Kwalin ya bugi ƙarfe ya faɗi. Jama'a suka tafa, don gaskiya motar ta sauka, ba wanda zai ce ba ta sauka ba. Onofre ya cire hula ya rusuna, aka ga bandeji, ya mayar da sauri. Don Cleofas ya miƙa wa mataimakinsa allon, ya shiga gaba, ya kashe rediyo da kansa, ya naɗe hannu a ƙirji.

Suka tashi sannu-sannu kamar yadda al'ada ta ce. Taku ashirin na farko, ƙwallayen suka yi aikinsu, motar ta tafi lumui. Girar Don Cleofas ta ɗan ɗaga. Rufina ta damƙe hannun Doña Genoveva. Sai suka iso tudun rage gudu na gaban makaranta.

Fut! Ƙwallo ta farko ta fito ta gefen hagu kamar an harba ta, ta faɗa tukunyar tamale. Fut! Ta biyu ta tsallake titi ta bugi Fada, limamin cocin, a gwiwa yana tsaka da sa wa wata jaririya albarka. Karen Telesforo ya gane dukiyarsa, ya tsinke igiya. Karnukan gari suka ga haka suka ce ba za a bar su a baya ba. Kafin a kai gada motar ta zubar da ƙwallo takwas, ta dawo da ƙwas ɗinta da ƙiii ɗinta da ƙarfin da ba ta taɓa yi ba, karnuka goma sha na biye da ita suna haushi suna jiran ta ƙara.

"KA JI SHIRU, DON CLEOFAS?" in ji Onofre, hannu ɗaya a sitiyari, yana ɗaga wa mutane ɗaya. "KAMAR A KWALE-KWALE! NI NA YI DA HANNUNA!"

"Tsaya in sauka."

"AI KUWA! BA KOWA KE DA KUNNEN BA!"

Ya yi kwana a gada, motar ta yi wani kuka da ya tashi tsuntsaye daga bishiyoyin bakin kogi. A hanyar dawowa ya ga mutane na riƙe ciki, wasu na share hawaye, ya ce a ransa ashe haka ake ji in gari ya so mutum. Ya ƙara gyara zama. Ya nufo ƙofar coci inda jama'a suka fi yawa, ya saita daidai gaban motocin ƙungiya, tayar hagu ta sauka 'yar kwatar da ke bakin filin.

Ɗau! Sifirin hagu ya karye. Na dama ya ga an bar shi shi kaɗai, ya bi sahu. Motar ta durƙusa da goshinta a ƙasa a gaban coci, fenda ya kwanta a kan tayoyi, ta tsaya cak. Kan Onofre ya bugi sitiyari, wani abu ya ce ɓul a kunnensa na dama, ruwa mai ɗumi ya gangaro wuyansa. Kunnen ya buɗe. Abin da kunnen nan ya fara ji bayan kwana uku shi ne garin Española gaba ɗaya yana dariya.

Ƙofar Don Cleofas ta maƙale a jikin dakalin titi, sai ta taga aka zaro shi, mutum biyu na jan hannu, Telesforo na tallafe da ƙugu. Ya tsaya ya kakkaɓe wandonsa, ya gyara hula, ya ɗaga yatsa uku sama don kowa ya gani.

"Uku ke nan," ya ce.

"Don Cleofas," in ji Onofre da ƙaramar murya, "kwatar nan ce. Ba a gina ta daidai ba. Tun shekaran jiya na ji..."

"Ka ji?" in ji Doña Genoveva, tana ja da baya da janwe. "Matsa, ɗan nan, kada in haɗa da kai."

Ta maƙala ƙugiya ta ɗaga gaban motar sama. Da gaba ya tashi sai baya ya sauka, gilashin baya ya zo daidai idon jama'a. A kan katakon da ke bayan kujera, a tsakiya, ga wasu sababbin kusoshi biyu tsaye, an goge su suna sheƙi, an shimfiɗa musu ɗan jan karan-miski da aka yanka da almakashin aski. Kowa a filin ya san abin da ake kafawa a wurin. Dariyar ta ragu, ta ragu, har aka koma jin haushin karnuka kawai. Rufina ma ba ta san ya yi wannan ba, ta sa hannu ta rufe baki.

Don Cleofas ya karɓi allon daga hannun mataimakinsa, ya warware ƙyallen, ya kara shi a jikin gilashin ta waje, ya duba ƙafafun allon ya duba kusoshin. Ya girgiza kai.

"Ko da ka ci, da bai zauna ba. Ka ware su da yawa, da kusan yatsa biyu. Wa ya auna maka?"

Onofre ya tsaya yana murza hularsa, laka a kwala, bandeji ya zame ya rataya a wuya.

"Da ido na ƙiyasta," ya ce. "Shekara goma sha ɗaya ta bayan gilashin mutane nake ganinsa, Don Cleofas. Ba wanda ya taɓa miƙo mini shi in riƙe."